Mura ta kama ka a Kano: ka ci gaba da hawa keke ko ka jingine shi?

Duk wanda keke ne ƙafarsa a garin nan ya san irin wannan safiyar. An idar da sallar asuba, hanci a toshe, maƙogwaro kamar an zuba masa yashi, ga keke a jingine a soro, ga kasuwa ko makaranta tana jira. Zuciya ɗaya ta ce hau, ai mura ce kawai. Ɗayar ta ce koma ka ja bargo. Na shafe shekaru ina taka keke daga Rijiyar Zaki zuwa Kantin Kwari, kuma abin da na fahimta shi ne mafi yawanmu muna yi wa kanmu tambayar da ba ita ba ce. Muna tambaya, "Zan iya takawa?" Ai kusan kullum za ka iya. Tambayar da ta kamata ita ce a ina ciwon ya sauka a jikinka, kuma wace irin iska za ka shaƙa a hanya.

Zaɓi huɗu ne a gabanka, ba biyu ba: ka ci gaba kamar kullum, ka hau amma ka rage, ka ajiye keken ka shiga adaidaita sahu, ko ka kwanta a gida. Kafin a bi su ɗaya bayan ɗaya, ga abubuwan da za a auna su da su.

Ma'aunan

Babban ma'auni shi ne inda ciwon yake. Likitocin 'yan wasa suna da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, wuya ne iyakarta. Idan abin ya tsaya daga wuya zuwa sama, wato majina, atishawa, toshewar hanci da ɗan ƙaiƙayin maƙogwaro, motsa jiki daidai wa daida ba ya cutarwa. Idan ya gangaro ƙasa da wuya, ƙirji ya yi nauyi, tari yana fitowa daga ciki, gaɓɓai suna ciwo, ciki ya ɓaci, ko jiki ya yi zafi, to hutu ne. An ma gwada kashin farko na maganar. A 1998 masu bincike a Jami'ar Ball State da ke Amurka sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 50 da aka sa wa ƙwayar cutar mura da gangan. Wasu suna motsa jiki na minti 40 rana bayan rana, ana tsallake ɗaya, wasu kuma ba sa yi. Babu bambanci tsakaninsu, ko a tsananin murar ko a tsawon kwanakinta. Darasin biyu ne: takawa a hankali ba ta ƙara wa mura ƙarfi, kuma ba ta korar ta. Maganar da ake yi cewa ka yi gumi mura ta fita ba ta da tushe. Abin da ke faruwa shi ne hanci yakan buɗe na ɗan lokaci yayin da jiki ya ɗau zafi, domin jijiyoyin jinin cikinsa suna tsukewa, ka sauka ka huta kuma ya koma yadda yake.

Sai dai waɗancan mutanen ba a titin Kabuga suka yi gwajinsu ba, kuma an san tabbas mura ce aka sa musu. Mu a nan akwai cututtukan da kan fara sallama da muryar mura. Zazzaɓin cizon sauro yana farawa da ciwon kai da kasala, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka. Mashaƙo, wanda ya ɓarke a ƙarshen 2022 kuma Kano ta fi kowace jiha jin jiki a 2023, da ciwon maƙogwaro yake farawa, ga shi kuwa maƙogwaro a sama yake a lissafin waccan ƙa'idar. Sanƙarau yana zuwa da rani, daga hunturu zuwa bazara. Shi ya sa nake ƙara wa ƙa'idar wuya sharaɗi ɗaya da ba a sasantawa a kansa: idan zafin jiki ya kai digiri 38 a ma'aunin Salshiyas, magana ta ƙare, ba keke. Ma'aunin zafin jiki ba shi da tsada a kemis, ya kamata a ce kowane gida yana da shi, domin tafin hannu a goshi yana ruɗin mutum.

Ma'auni na biyu iska ce. Mutumin da ke zaune yana shaƙar kamar lita 6 zuwa 8 na iska a minti ɗaya. Mai taka keke yana ninka wannan sau da yawa. Hanci shi ne matacin da Allah ya yi mana, yana tare ƙura, yana ɗumama iska, yana jiƙa ta kafin ta isa huhu. Ranar da ya toshe, da baki kake numfashi, komai yana wucewa kai tsaye. A watan Disamba da Janairu, lokacin da sanyin asuba kan sauka zuwa wajen digiri 13, iska ta bushe ƙayau, hazo ya rufe Goron Dutse, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Murar da za ka hau keke da ita lafiya lau a watan Satumba ita ce za ta bar ka da tari na makonni a hunturu.

Sauran ma'aunan kowa ya san su. Akwai aljihu: tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin abin hawa ya zama abin lissafi, kuma da yawa daga cikin masu keke a yau wannan ne ya dawo da su kansa. Akwai ɗorewa, wato ko shawarar da ka yanke ranar Litinin za ta kai ka Asabar a tsaye. Akwai sauƙin aiwatarwa. Akwai kuma haɗari, naka a kan titi da na mutanen da za ka goga kafaɗa da su.

Ci gaba kamar kullum

Shi ne mafi arha a yau, ba ka biyan ko sisi, ba ka neman izinin kowa, ba ka sauya komai. Shi ya sa yake jan mutane. Idan murar ta kai kwana 5 ko 6, ta fara sauka, majina ce kawai ta rage, to babu laifi. Matsalar tana cikin kwana 2 zuwa 3 na farko, lokacin da mura ke kan ganiyarta kuma ba ka riga ka tabbatar da abin da ke damunka ba.

Wata shekara da kaka na tashi da majina da ɗan ɗumin jiki. Na haɗiyi ƙwayar maganin mura, na ɗaura kaya a kariya, na kama hanya kamar kullum. Ban kai Tal'udu ba jiri ya ɗebe ni, na sauka na zauna a bakin kwalbati ina jin zuciyata tana bugawa har cikin kunne. Da aka gwada jinina sai ga zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar da na sha ta danne zafin ne kawai, ta ɓoye mini alamar da ya kamata ta hana ni fita. Sama da mako guda na yi ban leƙa kasuwa ba.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Zazzaɓi shi kaɗai yana ƙara bugun zuciya da kamar 10 a minti a kan kowane digiri ɗaya da jiki ya hau, yana kuma ƙarar da ruwan jiki. Ka ɗora masa feda da kaya da hawan gada, ka ga an haɗa wa zuciya aiki biyu. Akwai kuma kumburin tsokar zuciya, wanda wasu ƙwayoyin bairos ke jawowa. Ba kasafai yake faruwa ba, amma aikin ƙarfi a lokacin da yake jiki yana da haɗari sosai, kuma wanda aka gano yana da shi likitoci kan hana shi motsa jiki mai tsanani na wata 3 zuwa 6. Mutumin da ya ƙi ba da kwana uku zai iya ba da rabin shekara.

Haɗarin titi ma ba a cika lissafa shi ba. Da wuya mutum ya yi atishawa ido a buɗe. Idan kana gudun kilomita 15 a awa, a cikin daƙiƙa 1 ka ci mita 4. Ka ƙaddara atishawa uku a jere a tsakanin ɗan sahu da mai kurar ruwa a Ƙofar Wambai, hannu ɗaya kuma ya bar burki ya tafi share hanci. Sannan yawancin haɗin maganin mura da ake sayarwa a kemis yana ɗauke da abu uku: farasitamol, da sinadarin nan na Piriton mai sa barci, da mai buɗe hanci wanda ke ƙara bugun zuciya da hawan jini. Na biyun yana rage hanzarin hannu a kan burki ko da kai ba ka ji barci ba.

Hawa, amma a rage

Wannan shi ne zaɓina ga murar da ta tsaya a hanci, kuma a kansa zan fi daɗewa, domin "ragewa" kalma ce da kowa ke fassarawa yadda ya so. Ba ragewa ba ce ka fita a lokacin da ka saba, da kayan da ka saba, ka ce a ranka za ka bi a hankali. Kafin ka kai Kabuga ƙafa ta koma saurin da ta sani.

Abu na farko da za a sauya shi ne lokaci, kuma a ganina ya fi nisan tafiyar muhimmanci. Da asuba da almuru hayaƙin bola da na girki da na ababen hawa yana kwanciya ƙasa-ƙasa, ga jaura tana yanka maƙogwaro. Idan aikinka zai yarda, bari hantsi ya ɗaga. Ɗan kasuwa yana da wannan damar, domin ciniki ba ya kankama da sassafe. A dawowa kuma a yi ƙoƙarin barin kasuwa kafin cunkoson magariba, lokacin da za ka tsaya a bayan salansar motoci kana shaƙa da baki.

Na biyu, sauri. Ma'auninsa mai sauƙi ne: idan wani zai jera da kai ku yi hira ba tare da haki ya katse maka magana ba, daidai kake. Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, wannan gata ne. Inda wahalar take shi ne gadojin sama, to a bi ta ƙasa inda da hali, ko a sauka a tura. Na uku, kaya. Dilar atamfa ko jarkoki a kariya su jira, ko a ba mai kurkura. Na huɗu, a rufe hanci da baki da takunkumi ko gefen rawani. Ba zai tare ƙura mafi laushi ba, amma yana rage manyan, kuma yana riƙe ɗumi da danshin numfashinka, abin da busasshen maƙogwaro ke nema ke nan. A riƙe gorar ruwa, domin a hunturu gumi yana bushewa kafin ka gan shi, sai mutum ya zaci bai rasa komai ba. Mai azumi ya lura da wannan sosai, tun da a shekarun nan Ramadan yana ta matsowa cikin watannin sanyi.

Akwai gwaji biyu da nake yi kafin in yanke shawara. Da farkawa, kafin in tashi daga shimfiɗa, nakan sa yatsu biyu a wuyan hannu in ƙirga bugun zuciya na daƙiƙa 30, in ninka biyu. Na babban mutum a zaune yana tsakanin 60 da 100, amma abin da ke da amfani shi ne ka san naka na ranar lafiya. Idan ya ɗara da kamar 10, jiki yana cikin faɗa, a bar shi. Gwaji na biyu shi ne minti 10 na farko a kan keke, a cikin unguwa, kafin a hau babban titi. Idan jiki ya saki, a wuce. Idan kai ya fara sarawa, ko ƙirji ya ɗaure, ko ƙafa ta yi sanyi, a juya gida tun ana kusa. Jiki magayi.

Kuɗinsa kaɗan ne, takunkumi da ruwa da ɗan lokacin da za ka rasa. Wahalarsa ɗaya, yana buƙatar mutum ya yi wa kansa gaskiya kowace safiya, kuma ba kowane maigida ko shugaban makaranta zai yarda da makara ba.

Ajiye keke, a shiga adaidaita sahu

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin hutu. Rabin hutu ne. Ƙafa ta huta, zuciya ta huta, haɗarin jiri a kan taya biyu ya kau, amma har yanzu za ka wuni a tsaye a shago ko a gaban allo, cikin ƙurar nan dai. Tun da aka hana ɗaukar fasinja a babur a Kano a Janairun 2013, adaidaita ce abin hawan talaka, kuma wanda gidansa ke nesa, irin su Bachirawa ko Naibawa ko Ɗorayi, sau da yawa sai ya yi hawa biyu kafin ya isa, biyu kafin ya dawo. Ka lissafa wannan sau kwana 4 ko 5.

Abin da ya fi damuna da shi kuwa haƙƙin mutane ne. A kan keke kai kaɗai ne a sararin Allah, da wuya ka shafa wa wani. A cikin adaidaita ku uku ne a baya kafaɗa da kafaɗa, wani lokaci an saki labule saboda sanyi, kuma kwanakin farko na mura su ne aka fi yaɗa ta. Wataƙila na gefenka tsohuwa ce mai zuwa asibitin Murtala, ko mace mai goyo. Idan dole ne, a sa takunkumi, a yi tari a cikin gwiwar hannu, a wanke hannu kafin a yi musabaha. Inda wannan zaɓin ya fi kowanne dacewa shi ne zuwa asibiti ko wurin gwajin jini. Mai zazzaɓi ba ya kai kansa asibiti a kan keke.

Kwanciya a gida

A faɗe shi ne mafi sauƙi, a aikace shi ne mafi tsada ga wanda sai ya fita zai samu na cefane. Ba zan raina wannan ba. Yaron shago da ake sallama kullum da yamma ba daidai yake da mai albashi ba. Amma a yi lissafin da kyau: mura tana ɗaukar kwana 7 zuwa 10, ba duka ake buƙatar kwanciya ba, kwana 2 ko 3 na tsakiyar tsananin ne. Idan ɗaya daga cikinsu ya faɗa ranar da dama ba ka fita, asarar ta ragu.

Masu hawa don motsa jiki, waɗanda ake gani a titin Jami'ar Bayero (BUK) da safiyar Asabar da Lahadi, su ba su da abin da za su rasa. Ƙarfin da aka tara ba ya zubewa a kwana 3 ko 5. Sai an doshi mako biyu ba motsi kafin a fara jin bambanci na gaske.

Hutun kuma a yi shi da gaske: barci, ruwa mai yawa, shayi mai citta da kanumfari, sirace don hanci ya saki, zuma don tari, amma ban da jaririn da bai shekara ba. Ƙwayoyin bairos ne ke kawo mura, ire-irensu sun haura 200, kuma antibayotik ba ya taɓa su, don haka kafso ɗin da ake saya ba tare da ganin likita ba asarar kuɗi ce. Majina ta koma ruwan ɗorawa ko kore ba hujja ba ce ta shan sa. A kuma kula da farasitamol: babban mutum ba ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 ta miligiram 500, kuma wanda ke cikin haɗin maganin mura yana cikin lissafin.

| Zaɓi | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ci gaba kamar kullum | Babu, a ranar | Rauni a kwanakin farko | Ba a sauya komai | Babba idan da zazzaɓi, hazo ko magani mai sa barci |
| Hawa a rage | Kaɗan | Mai kyau idan ciwon a hanci yake | Sai an sauya lokaci da kaya | Ƙarami |
| Adaidaita sahu | Kuɗin zuwa da dawowa kullum | Matsakaici, ba cikakken hutu ba ne | Mai sauƙi | Ƙarami gare ka, akwai shafa wa wasu |
| Kwanciya a gida | Asarar samun kwana 2 zuwa 3 | Mafi ƙarfi | Da wuya ga mai neman na yau | Mafi ƙanƙanta |

Wa ya dace da wanne

Idan majina da atishawa ne kawai, jiki ba zafi, ka ci abinci, ka yi barci, kuma tafiyarka ba ta wuce rabin awa ba, hau ka rage. Ɗalibi da ɗan kasuwa mafi yawansu a nan suke. Idan hazo ya yi kauri har ana kunna fitilar mota da rana, ko aikinka ya tilasta fita da duku-duku, ka ba adaidaita kwana biyun farko, da takunkumi a fuska, sannan ka dawo kan keke.

Mai ɗaukar kaya a keke, wanda ragewa ba ta yiwuwa a sana'arsa, ya fi masa ya huta kwana biyu cur da ya yi mako yana jan jiki da rabin ƙarfi. Mai hawa don motsa jiki ya bar makon ya wuce, ko ya zaga unguwa a hankali bayan hantsi.

Mai asma, mai sikila, mai hawan jini ko ciwon zuciya, da dattijon da shekaru suka ja, waɗannan ƙa'idar wuya ba ta ishe su ba. Busasshiyar iska mai ƙura tana tayar da asma, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon sikila, maganin buɗe hanci kuma yana ɗaga jini. Su jingine keken tun ranar farko, su kuma tambayi likitansu kafin shan haɗin maganin mura.

Wanda ke da zazzaɓi, gwajin jini ne farko. Wanda kuma ya ji ciwon ƙirji, ko numfashi yana yi masa wuya alhali a zaune yake, ko zuciya tana bugawa ba daidai ba, ko wuya ya sanƙare da matsanancin ciwon kai, ko wuya ya kumbura haɗiya ta gagara, asibiti ne a ranar, a kuma kai shi, kada ya kai kansa. Tarin da ya haura mako 2 a je a gwada kaki, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Bayan zazzaɓi ya sauka, a jira aƙalla awa 24 jiki ba zafi ba tare da taimakon magani ba. Ranar farko a yi rabin tafiyar da aka saba, ba kaya a kariya, a duba bugun zuciya washegari da asuba. Idan ya koma na ranar lafiya, a ƙara nisa. Idan bai koma ba, a ƙara kwana ɗaya.